Daga Kano zuwa Dongguan da yankin fatar roba a jaka

Jirgin Habasha ne ya ɗauke mu daga filin jirgin Malam Aminu Kano, muka yada zango a Addis Ababa, daga nan muka kwana a sama har Guangzhou. Akasarin abokan tafiyata 'yan kasuwa ne masu zuwa saro yadi da takalma da kayan waya, wasu kuma sun nufi baje kolin Canton da ake yi sau biyu a shekara tun 1957. Ni kuwa abin da ya fito da ni daban ne. A jakata akwai wani yankin fata da na yanko daga cinyar mutum-mutumin da muke koya wa ɗalibai karɓar haihuwa da shi.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin gwaji na makarantar ungozoma ba zai ɗauka 'yar tsana ce kawai aka girmama. A jikin wannan mutum-mutumi yarinya take fara koyon yadda ake tarbar kan jariri, da ɗinke wurin da ya yage, da tsayar da zubar jini, kafin a bar ta ta taɓa mace mai rai. Namu bai daɗe ba fatarsa ta fara danƙo, tana tsattsafo da mai har ya ɓata zanin gado, sannan ta tsage a mafitar jariri. Muka sa gam mai kama nan take, ya bushe ya ɓare. Muka kira mai haɗa tagogin gilashi ya matsa mana silikon ɗinsa mai warin tsami, shi ma ya saɓule.

A unguwar Xiaobei na sauka, inda baƙi daga Afirka suka fi taruwa, ga gidajen abincin halal na Musulmin Sin a kowane lungu. Wani saurayi ɗan Maradi da ya yi karatu a ƙasar shi ya zama tafintana. Da sassafe muka hau jirgin ƙasa zuwa Dongguan, garin masana'antu da ke tsakanin Guangzhou da Shenzhen. Tafiyar ba ta kai awa guda ba, kuma ban ga inda gari ya ƙare wani ya fara ba, gini ne ke bin gini.

Masana'antar da ke ƙera irin wannan mutum-mutumi tana hawa na sama na wani dogon gini. Jikkuna ne rataye a ƙugiya jere-jere, wasu ba kai, wasu ƙashin ƙarfensu a fili. Sai da na yi a'uziyya a raina kafin idona ya saba. Matar da ke shugabantar sashen gyara ta karɓi yankin fatata, ta ja shi, ta shinshina, sannan ta kunna masa wuta. Nan take ya narke yana ɗiga, da baƙin hayaƙi. Ta yanko wani daga nata tebur ta ƙona, shi bai narke ba, farar toka ya bari.

"Hajiya, ta ce naku ba silikon ba ne," in ji tafintan.

Na ce, "Ɗana, sake tambayarta, da sunan silikon aka sayar mana."

Ya sake, amsar ba ta canza ba. TPE ne, roba mai narkewa da ake cakuɗawa da mai domin ta yi laushi. Tana da araha, tana da daɗin taɓawa, tana miƙewa sosai. Amma man nan fita yake yi a hankali, zafi kuma yana gaggauta shi, ga ta da shan datti da launi. Na tuna ɗakinmu mai rufin kwano a watan Afrilu ba wuta ba fanka, na gane abin da ya ci mutum-mutuminmu. Ita TPE da zafi ake gyara ta: a narkar da bakin tsagar kaɗan da iska mai zafi ko ƙarfe mai ɗumi a haɗe, ko a sa wani gam nata na musamman mai narkar da gefen. Silikon ba ya kama ta ko kusa.

Shi kansa silikon ɗin iri biyu ta nuna min, kuma a nan muka fi daɗewa. Akwai wanda sinadarin kuza ke sandarar da shi. Ya fi sauƙin kuɗi, ba ya da tsirfa wurin haɗawa, amma yana ɗan tsukewa bayan ya bushe, kuma da shekaru suka tafi sai ya yi rauni ya riƙa yagewa. Ta ɗauko wani tsohon hannu ta lanƙwasa yatsa, ya tsage kamar busasshen ganye. Na biyun shi ne wanda sinadarin ƙarfen filatinam ke sandarar da shi: kusan ba ya tsukewa, ba ya wari, yana jure zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba, kuma yana shekaru masu yawa da ƙarfinsa. Tsadarsa ce matsala, sai kuma tsantsaninsa. Idan ruwansa ya taɓa farar wuta, ko robar latas, ko ma ɗan'uwansa na kuza, ba zai sandare ba, haka zai zauna yana danƙo. Wannan ya tsaya min a rai, domin safar hannun da muke sawa kullum a asibiti ta latas ce. Mai gyara da ita zai lalata aikinsa bai san dalili ba. Su ma'aikatan masana'antar shuɗiyar safa ta wata roba daban, naitiril, suke sawa.

Ta zaunar da ni na yi gyaran fatar silikon da hannuna. Da farko a wanke tsagar da sabulu, a goge da sifirit har ba sauran maiƙo ko hoda. Sai a shafa gam na silikon siriri a ciki, a haɗe bakin, a riƙe shi da filasta har ya kama. Idan wurin mai shan ja ne, kamar hammata ko matsematsi ko mafitar jariri, ana liƙa ƙyalle mai raga ta bayan fatar, a shafe shi da silikon. Silikon ba ya yarda da komai sai silikon, har fenti ma sai an dama launin a cikinsa. Ta nanata cewa ƙaramar tsaga ba a barinta ta kwana, domin da zarar bakin ya buɗe, ja kaɗan ke sa ta zarce.

Akwai kuma ma'aunin tauri da ake kira Shore, da ake rubutawa a takardar kaya. Mu masu saye mukan ruɗu da fatar da ta fi laushi saboda ta fi kama da ta mutum, alhali sau da yawa mai aka ƙara mata, kuma ita ce ke saurin yagewa. A ganina, ga makarantar da ɗalibai masu yawa za su bi layi a kan mutum-mutumi ɗaya, gara fata mai ɗan ƙarfi a jiki, wurare masu laushin kuma a yi su yadda za a iya cirewa a sauya.

Sauran abin da ta faɗa na kulawa ne, kuma duk cikin ikonmu yake. Tawadar biro da ta jarida da ruwan aidin suna shiga fatar ba sa fita. A yanke farce, a cire zobe da awarwaro kafin gwaji. A shafa hoda bayan wanki don kada ƙura ta manne, wanda a lokacin hunturu ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Kada a bar gaɓa a lanƙwashe tsawon hutu, a kwantar da shi a miƙe, a rufe da farin zani.

Ranar Juma'a na samu salla a masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar Sin, wanda ake danganta kafa shi da Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Daga nan na koma masauki na zauna rubuta sharuɗɗan da zan kai wa hukumar makaranta: duk mutum-mutumin da za a saya nan gaba, a rubuta irin fatarsa da ma'aunin taurinta a takarda, a haɗo da sassan sauyawa, a kuma koya wa mutum biyu cikinmu gyara. Gam ɗin da ruwan silikon kaɗan na sayo, domin ba sa jure dogon ajiya, balle a zafinmu. An ce in sa su a wuri mai sanyi, in sake aikowa idan sun kusa ƙarewa.