Ranar da na ba da tur a kan doki

Kusan shekara biyu na yi ina buga eshek, darar nan ta Turawa mai fararen ƴaƴa da baƙaƙe, a fadarmu ta Bukoki, nan Yamai, kafin in yarda cewa ban san abin da nake yi da baƙaƙen ƴaƴa ba. In fari ya faɗo mini, ina da ƴar dabarata. In baƙi ne kuwa, sai in zama inuwar abokin wasa: ya tura piyon ɗin gaban sarki gida biyu, in tura nawa; ya fito da doki, in fito da nawa. Haka zan yi ta bin sawunsa har ya gaji da ni ya murƙushe ni, ana zuba shayi na biyu ana mini dariya.

Mu nan da sunayen Faransanci muka koyi wasan, don haka tur, fu, dam da piyon muke cewa. Sarki da doki kaɗai muka mayar Hausa. Haka ma rubutun wasa: C doki ne, F fu, T tur, D dam; harafi da lamba kamar e4 sunan gida ne a kan allo, x cinyewa, + kuma hari kan sarki.

Wanda ya fi kowa ci na a fadar wani dattijo ne, tsohon malamin lissafi na lise da ya yi ritaya, mutumin Tawa kamar ni. Wata rana bayan la'asar na ce masa, "Malam, ni fa na gaji da tsaron gida. Ina son abin da zan kai wa fari hari da shi tun daga farko." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, akwai. Amma wanda ya ɗauko maciji da hannu, ya san inda kansa yake." Sai ya jera mini: 1.e4 c5 2.Cf3 d6 3.d4 cxd4 4.Cxd4 Cf6 5.Cc3 g6. Wannan shi ne Diragon, reshe ɗaya daga cikin rassan tsarin Sisiliyen. Wani gwanin Rasha, Fyodor Dus-Chotimirsky, ya ce shi ya raɗa sunan a 1901, don jeren piyon ɗin baƙi a d6, e7, f7, g6 da h7 ya yi masa kama da wata ƙungiyar taurari da Turawa ke kira da sunan wannan dodon maciji. Na sha ɗaga kai sama da dare ina nema. Ni dai kaza da ƴaƴanta kawai na iya ganewa.

Abin da ya fara burge ni shi ne fu ɗin da ke zama a g7. Yana can lungu kusa da sarki kamar dogari mai gyangyaɗi, alhali idonsa na kan doguwar hanyar da ta ratsa allo daga h8 har a1. Duk abin da fari ya ajiye a d4, c3 ko b2, yana cikin hangensa. Na biyu kuma, tun a tafiya ta uku baƙi ya ba da piyon ɗinsa na c ya karɓi na tsakiya, sai layin c ya buɗe wa tur ɗinsa. Fu a g7, tur a c8, doki ya bi ta e5 ya sauka c4, dam ta fita a5. Na ga wannan hoto na ce shi ke nan, na samu makami.

A wasana na farko da shi, ko tafiya goma ban kai ba. Malam ya buga 6.Fe3. Na tuna ya ce mini wannan fu na fari shi ne babban magabcin nawa na g7, sai na ce bari in kore shi tun da wuri: 6...Cg4. Ya ajiye kofinsa, ya buga 7.Fb5+, na tare da Fd7, ya sa dam ya cinye dokina a g4. Na kai hannu zan rama da fu ɗin d7, ya ce, "A'a, taɓa shi ka ga sarkinka tsirara." Dara ta ci gida. Da na fara ajiye fu a g7, da tsallen dokin nan zuwa g4 ya zama barazana ta gaske, kuma saboda ita ne ma fari ke buga 7.f3. Dabarar dai ɗaya ce, bambancin tafiya guda ne, amma tafiya gudan nan ta ci mini doki.

Daga nan na shiga hadda. Na sayi kaye na musamman, na riƙa kwafo layuka daga Lichess, shafin eshek na intanet, da dare in kurant bai ɗauke ba, ina maimaitawa a cikin taksi kan hanyar aiki kamar ɗan makarantar allo. Cikin wata guda na iya zuba tafiya goma sha biyar ba tare da na numfasa ba. Sai dai yawancin ƴan fadarmu ba su san an rubuta musu abin da za su buga ba. Wani ya fito da fu c4 a tafiya ta biyu, wani ya cillo dam h5 yana neman mat ɗin yara (mat shi ne a rutsa sarki ba mafita, wasa ya ƙare), ni kuma in yi tsuru-tsuru, don kayena bai ce komai a kan wannan ba. Malam kaɗai ke bin hanyar littafi, shi kuma yana bin ta ne don ya fi ni sanin inda ta nufa.

Inda ta nufa shi ne abin da ake kira harin Yugoslabiya: 6.Fe3 Fg7 7.f3 0-0 8.Dd2 Cc6 9.Fc4, sannan fari ya yi babban rok, ya kai sarkinsa ɓangaren dam. Yanzu sarakunan biyu sun raba gari, ɗaya gabas ɗaya yamma, kowa na iya tura piyon kan gidan ɗan'uwansa ba tare da ya tone nasa ba. Shirin fari a fili yake, ko ɓoyewa ba ya yi: h4, h5, ya buɗe layin h, ya kai fu h6 ya musanya shi da nawa na g7, dam ta shigo h6, a kawar da dokin f6 da ke tsaron h7, a yi mat. Malam ya yi mini wannan sau nawa, ban ƙirga ba. Abin haushin, kullum sai in ga nawa harin saura ƙiris. Dam ɗina tana a5, tur biyu a layin c, komai ya nuna, sai in ji ya ce "mat" a hankali kamar mai ba da haƙuri.

Wani dare na ce, "Malam, wallahi saura tafiya ɗaya in gama da kai." Ya ce, "To mi ka yi da ita?" Muka mayar da ƴaƴan baya, ya sa ni ƙirgawa da baki. Shi yana buƙatar tafiya shida kafin ya taɓa sarkina, ni ina buƙatar bakwai. A cikin bakwai ɗin nan kuwa akwai a6 da na buga don na saba ganin ana buga ta a wani reshen Sisiliyen, akwai kuma tur da na fara kai b8 kafin in kai shi c8. Tafiya biyu na zubar a ƙasa. Ni da na ɗauka zafin wasa a zuciya yake, ashe ƙidaya ce irin ta mai awon hatsi a kasuwar Katako, tiya bayan tiya. Tun daga ranar, duk tafiyar da zan yi a wannan tsari sai na tambayi kaina: ta matsar da ni gaba, ko ta jinkirta shi? In ba ta yi ko ɗaya ba, kyauta na ba shi.

Abin ya tuna mini da kakana a Tawa. Gwanin dara ne, irin wadda ake haƙa gidaje talatin a rairayi, kowa da ƴaƴansa goma sha biyu, wani da karare wani da tsakuwa. Ina yaro na ɗauka wasan na farawa ne lokacin da aka soma jera uku ana ci. Shi kuwa tun wurin zuba ƴaƴa yake gama da mutum, sauran duk cika al'ada ne. Ban fahimci abin da yake ƙirgawa da leɓɓansa ba sai da na zauna gaban allon eshek ina ɗan shekara talatin.

Darasin da ya fi ba ni wuya shi ne na Txc3, wato cinye dokin c3 da tur. Duk mai koyo an gaya masa tur maki 5 ne, doki 3, fu 3, dam 9, piyon 1. Ni kuma aikina lissafin kuɗi ne, hannuna ba ya son ba da biyar ya karɓi uku. Amma a Diragon dokin c3 ba doki ne kawai ba. Shi ke riƙe da e4, shi ke rufe wa tur ɗina hanya zuwa c2, kuma shi ne zai yi tsalle d5 ya kawar da dokina na f6, wanda in ya tafi h7 ta zama kango. In ka cinye shi da tur, fari ya rama da piyon ɗin b, katangar sarkinsa ta tsage, piyon biyu sun hau kan juna a c2 da c3, e4 ta rasa mai tsaro, harinsa kuma ya rasa ƙafa ɗaya. Na gane wannan a kai tun da wuri. Hannun ne ya ƙi. Sau uku ina ganin damar, in ɗaga tur, in mayar da hankali kan maki biyun da zan yi asara, in buga wani abu dabam. Sau ukun duka an yi mini mat a layin h, tur ɗina biyu na nan lafiya lau ba abin da suka tsinana.

Malam ya nuna mini wasa na biyu na karawar Anatoly Karpov da Viktor Korchnoi a Mosko, 1974, karawar da wanda ya ci ta zai nemi kambun duniya a hannun Bobby Fischer. Korchnoi ne da baƙi, ya buga Diragon. Karpov ya ba da piyon a h5 don layin ya buɗe, sannan, a tsakiyar hari, ya tsaya ya janye doki daga d4 zuwa e2 a tafiya ta 16, ya kuma ɗaga tur d3 a ta 19. Duk biyun don c3 ne. Mutumin da zai zama zakaran duniya a 1975 ya kashe tafiya biyu cur don kada a ba shi tur a kan doki. Da ya tabbata ƙofar ta rufu, sai ya buga g5, ya gama wasan a tafiya 27. Malam ya ce, "Ka ga kyautar da kake jin ƙyashin bayarwa? Ga wanda ya san darajarta yana gudun karɓa."

Ni a ganina wannan wasa ya fi koya wa mai baƙi abu a kan wasannin da baƙi ya ci, ko da yake su ma akwai su. A 1995, a hawa na 107 na dogon benen cibiyar kasuwanci ta duniya a New York, Garry Kasparov ya fito wa Viswanathan Anand da Diragon ba zato, ya ci wasa na 11 da na 13 da baƙi, ya riƙe kambunsa da maki 10 da rabi a kan 7 da rabi. A can na fara lura da h5 ta baƙi: fari ya buga h4, kai ma ka tare shi da naka piyon, ka toshe hanyar kafin ta buɗe. Wannan salo na ɗauke da sunan Andrew Soltis, ɗan Amurka. Na daɗe ina ƙin sa don ina ganin tsaro ne, ni kuwa hari na zo nema. Da na ƙirga sai na ga tafiya ɗayan nan tana sa fari kashe biyu ko uku kafin ya sake samun ƙofa. Haka kuma in fari ya yi babban rok a tafiya ta 9 bai fito da fu c4 ba, amsar da aka sani ita ce d5 nan take, a fasa tsakiya ko da piyon zai tafi.

Ranar da hannuna ya yarda, cikin zafin watan Afrilu ne, kurant ya ɗauke, muna wasa da fitilar waya an jingina ta da butar shayi. Malam ya riga ya kai piyon h5, fu ɗinsa na shirin sauka h6. Na ƙirga nasa, na ƙirga nawa, na ga ya riga ni da ɗaya. Na ɗauki tur na cinye c3. Wani yaro da ke kallo ya ce, "Kai, yaya, ka yi ɓarna!" Malam bai ce uffan ba. Ya rama da piyon, na kai dam a5, daga baya dokina ya cinye e4, fu ɗin g7 da ya yi wata huɗu yana gyangyaɗi ya buɗe ido. Ban yi masa mat ba. Mun musanya dam, muka shiga ƙarshen wasa ina da doki da piyon biyu a kan tur ɗinsa, aka kira isha'i muna kai, muka tashi kunnen doki. A hanyar masallaci ya ce in da na kai sarkina tsakiya da wuri, da na ci.

Washegari na zo da kayena a hammata, na zauna, na buga c5 da ƙarfi har allon ya motsa. Malam ya kurɓi shayi, ya tura piyon ɗinsa c3 a tafiya ta biyu. Babu doki a c3, babu layin c a buɗe, babu Diragon.

"Wannan kuma mene ne, Malam?"

"Alapin sunansa," ya ce. "Buɗe sabon shafi."