Marek Hamsik, mutumin da ya ƙi barin Napoli

Duk lokacin da musun 'yan tsakiya ya tashi a gidan kallon ƙwallon unguwarmu, sunayen da ake jefowa ba sa canzawa: Xavi, Iniesta, Lampard, Gerrard, wani lokaci Modric. In na ce Marek Hamsik, sai a tambaye ni kofi nawa ya ɗaga. Tambayar tana ƙona mini rai, domin da ita ake danne ɗan wasan da na fi ƙauna a cikin duk waɗanda na kalla a gasar Italiya.

An haife shi ranar 27 ga Yulin 1987 a Banska Bystrica, a ƙasar Sulobakiya, wadda mutanenta ba su kai miliyan 6 ba. Daga Slovan Bratislava ya tafi Brescia a 2004 yana yaro ɗan shekara 17. A 2007 Napoli ta saye shi a kan Yuro miliyan 5.5. Sai mutum ya tuna halin da Napoli ke ciki a lokacin kafin ya gane girman abin da ya biyo baya. Kulob ɗin ya talauce ya rushe a 2004, Aurelio De Laurentiis ya farfaɗo da shi daga rukuni na uku, kuma a shekarar da Hamsik ya zo ne suka dawo Serie A. Gidan da ya tarar ana kan gininsa ne, ko rufi ba a yi ba.

Da farko gashinsa ne ya ja idona, wannan tukkun da ke miƙe a tsakar kai, da lamba 17 a bayansa. Daga baya sai wasansa ya riƙe ni. Ba mai yawan yanka ba ne. Abin da ya iya shi ne sanin lokaci: ƙwallo na gefe, masu tsaron baya sun zuba wa Cavani ido, sai ka gan shi ya faɗo cikin da'ira ta inda babu mai tsammani, ya buga da dama ko da hagu, duk ɗaya ne a wurinsa. A ƙarƙashin koci Walter Mazzarri, shi da Cavani da Lavezzi suka kai Napoli gasar Zakarun Turai, sannan a 2012 suka doke Juventus 2-0 a wasan ƙarshe na Coppa Italia. Shi ya ci ta biyun, kuma ya cika alkawarin da ya yi na aske tukkun in sun ɗauki kofin.

Sai aka fara watsewa. Lavezzi ya tafi PSG a 2012, Cavani ya bi shi a 2013. Higuain ya zo, ya ci ƙwallo 36 a kakar lig guda, ya koma Juventus a 2016. Hamsik ma an neme shi, AC Milan da Juventus duk sun so shi. An yi masa fashin agogo a titin Naples fiye da sau ɗaya. Rafa Benitez ya riƙa cire shi ana tsakiyar wasa har abin ya dame shi. Duk da haka ya zauna, ya karɓi kambun kyaftin a 2014, ya sake ɗaga Coppa Italia a shekarar.

Kakar 2017-18 ce har yau nake jin ciwonta. Maurizio Sarri ya ajiye shi a hagun tsakiya, kusa da Jorginho da Allan, yana musayar ƙwallo da Insigne kamar sun haddace juna. A Disambar 2017 ya wuce tarihin ƙwallo 115 da Maradona ya ci wa Napoli. A Afirilu Koulibaly ya ci Juventus da kai a Turin ana gab da tashi, na yi ihu har muryata ta dushe. Mako na gaba Fiorentina ta lallasa su 3-0. Suka gama da maki 91, Juventus da 95. Maki 91 babu kofi! Hamsik ya bar Napoli a 2019 da wasa 520 da ƙwallo 121. Mertens ya wuce shi a ƙwallaye daga baya, amma kada a manta Hamsik ɗan tsakiya ne.

A ƙasarsa kuwa, shi ne kyaftin yana ɗan shekara 22 lokacin da Sulobakiya ta je Kofin Duniya na farko a 2010. A filin Ellis Park na Johannesburg suka doke Italiya mai riƙe da kofi 3-2, suka kora ta gida, kafin Holan ta fitar da su. Ƙwallon da ya ci Rasha a Euro 2016, wadda ya lanƙwasa daga gefe bayan gajeriyar kwana ta daki ƙarfe ta shige, ina sake kallonta har yanzu. Ya ajiye rigar ƙasa da wasa 138 da ƙwallo 26, babu wanda ya kai shi a duka biyun a lokacin.

Lig ɗin da ya gagare shi a Italiya ya same shi a Turkiyya. Bayan Dalian a Chana da ɗan zama a Goteborg, ya koma Trabzonspor, inda shi da ɗan Nijeriya Anthony Nwakaeme suka ɗauki kofin 2022, na farko da kulob ɗin ya gani tun 1984. Na yi masa murna sosai, ko da yake ba rigar da na so in gan shi da ita ba ke nan.

A 2023, shekarar da ya rataye takalmi, Napoli ta ci Serie A da ƙwallo 26 na Osimhen, ga ɗan ƙasar Hamsik, Stanislav Lobotka, yana juya tsakiya. Matasan da suka koma goyon bayan Napoli saboda Osimhen, ina maraba da su, amma ina gaya musu cewa kulob ɗin da ya iya sayen Osimhen ya kai wannan matsayi ne saboda shekara kusan 12 da Hamsik ya yi yana riƙe da shi, manyan 'yan wasa na shigowa suna fita.