Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: "Akwati ne ya raine shi"

A makon jiya na tsaya a inda muka bar ɗaki ɗayan nan na Longsight muka koma gida mai ɗakuna biyu a Cheetham Hill, duk a cikin Manchester ta Ingila, na kuma ce yau zan ba da labarin haihuwar Ummi. Ku yi mini haƙuri tukuna. Akwai maganar da ta tokare mini maƙogwaro, in ban fitar da ita ba sauran labarin ba zai tafi daidai ba.

Maganar Goggon yara ce, yayar Baban Abba. Ranar wata ƙaramar salla muka kira gida, ana ta miƙa waya daga hannu zuwa hannu har aka zo kanta. Na ba Abba, lokacin bai cika shekara huɗu ba, na ce ya gaishe ta. Yaro ya riƙe waya ya yi tsuru-tsuru. Ta ce, "Kai Abba, babu gaisuwa ne?" Ya kalle ni, sannan ya amsa mata da Turanci. Sai na ji ta juya ga mutanen da ke gefenta tana cewa, "Ku bar shi, ba laifinsa ba ne. Akwati ne ya raine shi." Akwatin talabijin take nufi. Aka kwashe da dariya. Na ji muryoyin da suka yi dariyar, har yau ina iya ware su ɗaya bayan ɗaya. Baban Abba da na gaya masa, cewa ya yi, "Kin san halin Yaya, rabu da ita." Shi ke nan abin da ya ce, kuma wannan ma na riƙe shi.

Inna, Allah ya jiƙanta, kalmarta kenan kullum: ɗa na kowa ne. A bakinta ba karin magana ba ce kawai, haka ta rayu. Yaro in ya yi kuka, hannun da ya fi kusa shi zai ɗauke shi, ba a tambayar na wa ne. Da wannan na tashi, da shi na hau jirgi a 2009 da Abba a hannu. Sai na tarar a Manchester ɗa na uwarsa ne ita kaɗai. Maƙwabciya za ta yi miki murmushi a bakin ƙofa, amma ba za ki miƙa mata yaro ki ce bari in watsa ruwa ba. Ba kuma za ki ja ƙofa ki bar shi ki leƙa kanti ba, don a ƙasar nan in kika bar ƙaramin yaro shi kaɗai a yanayin da zai iya cutuwa, laifi ne da hukuma za ta iya gurfanar da ke a kai.

Disambar 2010 ita ce na fi so Goggo ta gani da idonta. Masu hasashen yanayi sun ce an yi shekara ɗari ba a ga Disamba mai sanyinta ba a Birtaniya. Kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, duhu ya rufe. Ƙanƙara ta daskare a kan hanya, keken yaro ba ya turuwa. Baban Abba yana aikin dare a asibiti, ya dawo da safe ya faɗi barci. Ni ga cikin Ummi ya tsufa, ƙafafu sun kumbura. Abba ɗan shekara biyu, ƙiriniya ta fara, babu abin da yake so kamar ya kama murfin murhu. Sai in shimfiɗa masa bargo kusa da hita, in sa ƙyauren nan na katako a ƙofar kicin, in kunna masa CBeebies, tashar yara ta BBC, in tsaya ta inda ina girki ina hango ƙeyarsa. In na ji ya yi dariya, na san ina da minti goma. A cikin minti goman nan nake sauke tukunya, in yi alwala, in yi la'asar da ta kusa haɗuwa da magariba. Wanda bai yi irin wannan zaman ba, kada ya yi mini maganar akwati.

Kuma ba kyauta muke kallonsa ba. Akwai lasisin talabijin da kowane gida mai kallo yake biya, a shekarun nan fam 145.50 ne a shekara, kuɗi ne masu nauyi gare mu a lokacin. Na yi ta mita a kansa, sai daga baya na gane da shi ake riƙe BBC, shi ya sa babu talla a tasharta ta yara. Tun 2002 aka buɗe ta domin 'yan shekara shida zuwa ƙasa, tana farawa ƙarfe shida na safe ta rufe ƙarfe bakwai na yamma. Rufewar nan ta fi komai yi mini amfani. Awa ta ƙarshe shirye-shiryen barci ne masu sanyin murya, a sa In the Night Garden, wani ya zauna ya karanta labari, sannan tasha ta yi sallama. A watan Yuni, lokacin da rana ke kaiwa bayan tara da rabi ba ta faɗi ba, yaro ya ɗaga labule ya ce ai gari bai yi duhu ba, da wannan nake kama shi. In ce, ka gani, su ma sun tafi barci.

A cibiyar yara ta Sure Start da ke kusa da mu na fara haɗuwa da matan da suka zame mini dangi. Daga nan muka koma taruwa ran Asabar a gidan Maman 'Yan Biyu, 'yar Sudan. Akwai wata Basomaliya mai 'ya'ya biyar, da wata 'yar asalin Pakistan da aka haifa a nan, da maƙwabciyata 'yar Poland da na ja ta ta shigo cikinmu. Kowace da irin Turancinta, muna lallaɓawa. Duk inda hira ta faro, ko kuɗin haya ne ko biza ko surukai, sai ta faɗo kan abin da yara ke kallo, don a nan ne kowace take jin tsoronta.

Peppa Pig kaɗai ta ci mana Asabar da yawa. Basomaliyar ta ce alade ba zai shigo mata ɗaki ba ko da a zane ne, 'ya'yanta kuwa sun san in an sa a gidan wani sai su tashi. 'Yar Pakistan ta ce, "Haba 'yar'uwa, ci aka hana, ba a ce kada a san Allah ya halicce shi ba." Suka yi ta yi. 'Yar Poland ta saurara har suka gaji, sannan ta ce ita ba aladen ne ya dame ta ba, yadda ake mayar da uban gidan abin dariya ne, kullum shi ne mai shirme, 'ya'ya na yi masa tsiya a kan tumbinsa. Wallahi a nan na ga ta fi mu hangen nesa, ita da ba addininmu ɗaya ba. Ni ma abin da ya sa na rage wa Abba shi kenan. Shirin minti biyar ne kacal, amma ranar da na ji ya maimaita wa babansa irin wannan maganar yana dariya, na san inda ya ɗauko ta. Tsalle a cikin taɓo da ya koya, wannan wanki ne kawai, na yafe.

Akwai kuma wanda duk muka yarda da shi, Something Special, inda Mista Tumble ke magana yana haɗawa da alamun hannu domin yara masu lalura ta musamman. Ɗaya daga cikin tagwayen Maman 'Yan Biyu ya yi jinkirin magana, da alamun nan ya fara nuna mata yana son ruwa, yana son ƙari. Ranar da take ba mu labari hawaye take yi. Da BBC ta kwaso sashen yaranta ta dawo da shi Salford a 2011, nan bayanmu, har mun kai su bakin ruwan sun ga ginin daga waje.

Abin da ya fi ci mini rai a gidan Maman 'Yan Biyu shi ne tauraron ɗan'adam da ta kafa. Tana latsawa sai ga Spacetoon, sai ga Baraem, zane-zane iri-iri suna Larabci tsantsa. 'Ya'yanta suna zaune a Ingila suna shan harshen iyayensu daga akwatin da ake zagi. 'Yar Poland ma tana da nata faya-fayan da ake aiko mata. Ni na juya na juya, ban sami ko zane ɗaya da ke magana da Hausa ba da zan sa wa ɗana. Muna alfahari da yawanmu, miliyoyi a ƙasashe da dama, amma a shekarun nan babu wanda ya tuna da yaro ɗan shekara uku. Arewa24 ma sai a 2014 ta zo. Da a ce Goggo ta tambaye ni, da na gaya mata ba akwatin ne ya ƙwace wa Abba Hausa ba. Muryar Hausa guda ɗaya yake ji a yini, tawa, ni kuma a gajiye nake. Ɗa na kowa ne, in ji Inna. Harshe ma haka yake, jama'a ke zuba shi a kunnen yaro.

Bayan sallar nan na ɗaura ɗamara. Na kafa doka, da zarar tasha ta rufe ƙarfe bakwai babu sauran Turanci a gidan nan har gari ya waye. Da rana kuma sai in kashe muryar talabijin in zauna kusa da shi ina fassara masa abin da ke faruwa da bakina: ga shi ya ɗauki bargonsa, ina za shi, wa ya ɓoye masa? Da farko ihu yake yi a mayar masa da murya. Daga baya shi da kansa yake kawo mini rimot ya ce, "Mama, ke ki yi." Ran Lahadi in sayi katin waya na fam biyar in kira Inna, in sa ta a lasifika ta yi masa tatsuniya. Sau da yawa kati yana ƙarewa Gizo bai fito daga rami ba, yaro ya fashe da kuka. Da kiran bidiyo na WhatsApp ya zo, idon Inna ya riga ya yi rauni, ba ta daɗe ba kuma ta rasu. Auta ba ta taɓa jin muryarta ba.

Auta ita ce ta fi ba ni wahala, kuma ita ce Hausarta ta fi rauni har yanzu. A zamanin waya ta taso, YouTube kuwa ba shi da ƙarfe bakwai, wannan na ƙarewa wancan ya hau. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya kada a ajiye shi gaban allo sam, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a yini. Ban musa ba, gaskiya suka faɗa. Amma uwar da ke ita kaɗai a bene na uku cikin hunturu, shawara ba ta riƙe mata yaro. Abin da nake gaya wa ƙananan matan da ke zuwa yanzu shi ne, in dai dole ne, gara talabijin da ke falo kowa na ganin abin da ake yi da wayar da yaro zai shige lungu da ita.

Ƙananan matan nan kuwa har da 'yar Goggo ta cikinta. A 2022 mijinta ya zo karatun digiri na biyu a Bradford, ya taho da ita da ɗansu na goye. Watan Janairu ta kira ni da daddare tana kuka, ta ce, "Anti, ban yi wanka ba tun jiya, yaron nan ya ƙi sauka daga jikina, ni kam zan koma gida." Ban tuna mata komai ba, ita ba ta yi mini laifi ba. Na gaya mata tashar da za ta kamo da lokacin da ya fi dacewa, na ce ta ajiye shi inda za ta riƙa jin motsinsa. Ran Asabar na ɗauki Abba muka hau jirgin ƙasa muka je. Yana shiga ya durƙusa ya gaishe ta, ya karɓi yaron yana yi masa wasa da Hausa, ita kuwa ta saki baki tana kallonsa. Na san labarin ya kai gida a daren, don washegari Goggo ta kira tana ta sa masa albarka, wai Hausar Abba kamar bai taɓa barin gida ba. Na ce amin. Amma har yau ba ta ce mini, Maman Abba, maganar nan da na yi ban kyauta ba. Ina jira, don tana da rai ina da rai.

Na tsallake wani abu. Dariyar ranar sallar nan ba a waya ta tsaya ba. Ashe bayan mun kashe an zauna an yi shawara, aka kuma yi ta kiran Baban Abba a wurin aiki ba da sanina ba. Wajen bazarar 2013 ya dawo wata safiya, bai ko cire takalmi ba, ya ce mini dangi sun ga ya kamata a mayar da Abba gida wajen Yaya ya yi firamare a can, mu riƙa ganinsa lokacin hutu. Har an nema masa makaranta. Abin da na ce masa a safiyar nan, da wanda na kira ya shiga tsakani, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.