Ƙafar da za ta ɗauki piyano mai kilo 29

Na daɗe ina kiɗan biki a Garwa da piyano Yamaha PSR, wanda nauyinsa bai kai kilo 12 ba, kuma siririyar ƙafar X da mai shago ya haɗo mini da ita, wato ƙarfe mai siffar X da ake ɗora piyano a kai, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Sai na sayi wani piyanon, Yamaha Motif XF8, na hannu daga Duwala. Maɓalli 88 gare shi, nauyinsa kusan kilo 29, tsawonsa ya doshi mita ɗaya da rabi. Da muka ɗora shi a kan tsohuwar ƙafar a tsakar gida, ta ɗauka, ba ta karye ba. Amma ina danna ɓangaren bas da ƙarfi sai ɗaya gefen ya ɗaga kai. Nan take na sauke shi, na shimfiɗe a kan katifa.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba a ƙafar X shi ne, tsayinta da faɗinta a ɗaure suke. Ka ɗaga ta don ka yi kiɗa a tsaye, hannuwanta su matso kusa da juna, dogon piyano ya zauna a kan ɗan tsakiyarsa, gefe da gefe na lilo. Ka sauke ta don ka zauna, ta buɗe sosai, amma gwiwarka ta riƙa cin karo da ƙarfen. Ga shi dukan nauyin yana rataye ne a wuri guda, wato makullin tsakiya. Shi na fi dubawa da na shiga shagunan babbar kasuwa. Akwai mai ƙusa da ke shiga rami a faifan ƙarfe, akwai mai haƙora da ake matsewa da hannu. Mai haƙora, in suka cinye, ba ta yin sallama, zubewa kawai take yi. Mai ƙusar ma sai ka leƙa ka ga ko ƙusar ta ratsa ramin duka, don na ga wadda bakinta kaɗai ke shiga. X mai ƙarfe biyu a kowane gefe ta fi dama-dama, sai dai ita ma ba ta tsira daga matsalar faɗin ba.

Lambar kilo da ake rubutawa a kwali kuwa, ban ba ta muhimmanci ba sai a kan kayan kamfanin da aka sani. Ƙafar Omega ta kamfanin K&M na Jamus, kilo 80 aka rubuta mata, kuma na yarda. Amma kafin ta iso Duwala, ta hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, ta shiga mota zuwa nan, kuɗinta ya wuce aljihuna. Waɗanda ke shigowa ta Yola da Mubi da yawansu ba su da ko suna. Kuma lambar tana maganar kaya ne a ajiye shiru a kan daɓe, mu kuwa dukan maɓallai muke yi har dare a ƙarƙashin rumfa, yara na ratsawa ta bayanmu, masu liƙi na jingina.

Sai na ɗauki awo na tafi wurin wani dattijo mai walda a Yelwa. Na ce ina son ƙafa irin ta tebur, ƙafafu huɗu, gaba a buɗe don gwiwa da fedal. Ya ɗauko guntayen fayif mai kusurwa huɗu guda biyu, faɗinsu ɗaya, ya sa mini a tafin hannu.

"Ɗana, wanne ya fi nauyi?"

"Wannan, Baba."

"To shi za mu sa. Wancan na ƙofar shago ne, da an kai masa wuta sai ya huje."

Mai kaurin milimita 2 muka ɗauka. Shi ne kuma ya ce a gitta ƙarfe a baya daga kusurwa zuwa kusurwa, abin da ban zo da shi a takardata ba, don in babu shi tebur yakan yi rawa hagu da dama komai kaurin ƙafafunsa. Hannuwan da piyano ke zama a kai mun ba su santimita 45, daidai da zurfin jikinsa, muka ware su yadda ba za su faɗa a kan robobin da ke ƙarƙashinsa ba. Tsayi kuwa, a zaune na auna: maɓallai su zo daidai gwiwar hannu, sannan a cire kaurin piyanon kansa, wanda ya kai santimita 17. Wanda ya manta da wannan lissafin zai kwana da ciwon kafaɗa.

Robar da ake sa wa hannuwan ba ta jure zafin Maris da Afrilu a nan, tsagewa take yi ta zame. Tsohon tiyub na babur muka yanka muka naɗe, ya riƙe gam. A ƙasan kowace ƙafa an liƙa faffaɗan ƙarfe, don yawancin bukukuwanmu a kan yashi ake yi a ƙofar gida, ƙafa mai tsini kuwa nitsewa take yi a hankali, kuma ba tare suke nitsewa ba. Duk da haka ina yawo da guntayen katako huɗu a jakar wayoyi.

Hawa na biyu da muka yi wa ƙafar, inda PSR ke zama don kiɗan ganga, da kusoshi aka ɗaura shi, kuma na sa an matso da shi gaba kaɗan don kada nauyi ya rinjaya baya.

Aibin sabuwar ƙafar ɗaya, nauyi. Ko an naɗe ƙafafun, ɗan acaba sai ya ƙara kuɗi kafin ya ɗauka, kuma in za mu Pitowa ko Gidar dole a nemi mota. Tsohuwar X ɗin tana nan, na bar wa yaron da ke koyo a wurina yana ɗora PSR in an kira shi kiɗan suna.