Jan bel ba a samun sa da kayarwa: abin da na gani a Japan

Tun da mutanen gida suka ga hotona da fararen kayan judo a WhatsApp ba su bar ni na huta ba. Yayana ma kira ya yi musamman, wai "ƙanena ka dage ka kakkarya su, ka karɓo mana babban bel ɗin nan gaba ɗaya." To Yaya ka yi haƙuri, a ƙasar nan ko ka kayar da kowa da kowa ba za su ba ka shi ba, kuma sai da na zauna da su na gane dalili.

Ni dai sana'ar mota ce ta kawo ni Saitama, arewa da Tokiyo kaɗan. Muna sayo tsofaffin motoci a wajen gwanjo, wasu a yanka su a cire inji da giya da ƙofofi, a loda a kwantena sai Kwatano ko Legas. Wajen garin Yashio 'yan Pakistan ne suka riƙe harkar tun da daɗewa, har da masallacinsu da gidajen abincinsu, shi ya sa Juma'a da naman halal ba su taɓa ba ni wahala ba. Ɗaki ne ya ba ni wahala. Sai ka kawo wanda zai tsaya maka, sannan ban da kuɗin ajiya akwai wani kuɗi da suke kira reikin, kyauta ce kawai kake ba mai gida ta godiya, ba ya dawowa, wai ka gode masa ya yarda ka biya shi haya! Ga shara, ta ƙonawa ranarta daban, gwangwani da kwalba ranarsu daban, maƙwabta kuma suna lura da ledar kowa ko da ba su ce komai ba. Za su gaishe ka da safe da ladabi sosai, iyakarta ke nan, ka shekara ba ka ga cikin gidan kowa ba.

Kaɗaicin nan ne ya kai ni judo. Kusan kowane gari a nan yana da zauren wasannin faɗa na hukuma, kuɗin wata bai taka kara ya karya ba, wani abokin aiki ɗan ƙasar ya ja ni muka je. Na shiga da farin bel ina ƙaton mutum a layi ɗaya da 'yan firamare, wata da watanni ba abin da ake koya mani sai faɗuwa, yadda za ka faɗi ka buga hannu a tabarma ba tare da ƙeyarka ta taɓa ƙasa ba.

Akwai wani tsoho da kullum in na zo na tarar yana goge tabarma, kunnuwansa duk sun murɗe sun dunƙule, gwiwoyi a naɗe da bandeji, bel ɗinsa baƙi ne amma ya koɗe ya koma ruwan toka har zare na fita. Ranar da ya fara kama rigata hannunsa ko nauyi babu, na ɗaga ƙafa zan taka kawai sai na ji ƙasa ta gudu, ina kallon rufi, shi kuma yana riƙe da hannun rigata don kar in bugu. Shi ne malaminmu, kowa Sensei yake ce masa. Tun farko na gaya masa gaisuwar nan ta durƙuso da ake sunkuyawa har goshi ya kusa ƙasa ni ba zan iya ba, ta yi kama da sujada. Ya yi shiru ya ce in zauna tare da kowa in ɗan rusuna kai ya isa, bai ƙara tayar da maganar ba, kuma in an fita cin abinci shi ke fara ce wa mai kawo abinci a ba ni shayin ulon, a duba kar a sa mani naman alade.

Sai a bikin buɗe shekara na watan Janairu, wanda suke kira kagami biraki, ranar da ake shan kunun jan wake mai zaƙi da curin shinkafa, na ga ya fito da bel mai ratsin ja da fari. Ashe yana mataki na bakwai. Matakan nan su suke kira dan, daga na 1 zuwa na 5 baƙin bel ne, 6 zuwa 8 ja da fari, 9 da 10 ja zalla. Amma yawancin masu ja da farin ba sa ɗaura shi sai ranar biki, a atisaye baƙinsu suke sawa.

Jigoro Kano (ba ruwansa da Kanon Dabo) shi ya kafa makarantar Kodokan a 1882, ya aro tsarin matakan daga wasan go, wani wasan allo da duwatsu da suke yi, kuma a 1883 ya ba ɗalibansa biyu, Tomita da Saigo, matakin farko. Daga judo ne karate da sauransu suka kwafa. Har yau duk wanda ya ci jarrabawa a jiharsa, ƙungiyar jiha sunansa kawai take turawa, takardar shaidar daga Kodokan take fitowa.

Matakan ƙasa kam ƙarfinka ne. Yaro ɗan shekara 14 zai iya samun baƙin bel, ni ma na samu, kuma a nan ba wanda zai juyo ya kalle ka don shi, 'yan sakandare birjik ke yawo da shi a jaka. Ka je gasar ƙarin mataki, ka tara maki da kayar da sa'o'inka, ka nuna kata, wato jerin kamun da aka tsara tun zamanin Jigoro Kano wanda mutum biyu ke yi a natse ba gardama. Har akwai hanyar tsallake da suke kira batsugun, a gasar ja da fari ta Kodokan in ka share mutum biyar ko fiye a jere da kayarwa tsaf, a ranar za a ƙara maka mataki. Wannan ɓangaren duk Bahaushe zai gane shi, irin kokawar Nijar ne, wanda ya kayar da kowa shi ke tafiya da takobi.

Daga na shida ne labari ke canzawa. Maki na nan, kata na nan, kowane mataki da tasa, ta mataki na takwas ma koshiki no kata ce, wadda asalinta ta mayaƙa masu sulke ce. Amma yanzu ana lissafa shekarun da ka yi a matakin da kake kai, in makinka kaɗan ne jiranka ya ƙara tsawo, wani sai ya haura shekara goma yana jira. Sannan ana duba me ka yi wa judo ɗin, ɗalibai nawa suka fita ta hannunka, ka yi alƙalanci, ka yi wa ƙungiya hidima, yaya halinka yake, kuma ba kai za ka miƙe ka ce na isa ba, sai manyan yankinka sun gabatar da kai. Na tambaye shi wata rana, na ce Sensei yaushe za ka nemi na takwas? Ya yi dariya ya ce shi nasa zuwa Tokiyo duk Afrilu, sauran kuma na mutane ne.

Abin da yake nufi, duk 28 ga Afrilu ana gasar manyan matakai a Kodokan, na biyar zuwa na takwas. Na raka shi na riƙe masa jaka. Ginin yana unguwar Bunkyo dab da Tokyo Dome, babban zauren a hawa na bakwai tabarma 420, 'yan kallo suna leƙowa daga hawa na takwas. Wallahi ban taɓa ganin taron tsofaffi irin wannan ba, wani da sanda ya shigo, ya jingine ta a bango, ya ɗaura bel, ya hau tabarma. Warin man zafi ya cika ko'ina. Kowa wasa ɗaya zai yi na 'yan mintuna, da yawa canjaras ake tashi, wasu daga Hokkaido ko Kyushu suka taso don wannan kawai. Malaminmu canjaras ya yi da wani da suka san juna tun suna samari, suka sauko suna haki suna tambayar juna lafiyar gwiwa. An rubuta ya zo, an ga ya zo, shi ke nan aka kama hanyar jirgin ƙasa.

Na tara da na goma babu jarrabawa kwata-kwata. Kodokan ce ke zama ta duba rayuwar mutum gaba ɗaya ta yanke. Tun da aka kafa ta mutum 15 kacal ta ba na goma, shi Jigoro Kano ɗin ma bai ba kansa mataki ko ɗaya ba. Na farko shi ne Yamashita Yoshitsugu, wanda ya koya wa shugaban Amurka Theodore Roosevelt judo, a 1935 aka ba shi, bayan ya rasu. Mifune Kyuzo, ɗan ƙaramin mutumin nan da ake cewa ba a taɓa gwanin kamu irinsa ba, ya samu a 1945. Da Kotani, na ƙarshen masu shi a lokacin, ya rasu a 1991 aka yi shekara 15 babu mai shi a raye, ba su damu ba, kujerar ta zauna haka nan, sai a Janairun 2006 suka ba mutum uku rana ɗaya, Daigo mai shekara 80, Abe 83, Osawa 79. Daigo ya rasu a 2021, sauran biyun a 2022, aka sake wayar gari babu kowa.

Gaskiya abin ya burge ni, domin mun saba ganin a duniya mutum ya buɗe ƙungiyarsa yau gobe ya naɗa kansa mataki na goma ya buga kalanda. Amma kar in yaudare ku, tsarin da ya dogara da manya su gabatar da kai yana da nasa zalunci. Kimura Masahiko, wanda da yawa a nan ke cewa ba a yi kamarsa ba, shi ne ya karya hannun Helio Gracie, gwanin wasan faɗa na jiu-jitsu, a Birazil a 1951, ya kai na bakwai yana ɗan shekara 30, da ya fita ya koma wasan neman kuɗi sai aka daskarar da shi a nan har ya mutu a 1993. Shi kuwa Shoriki Matsutaro, mai jaridar Yomiuri, wanda ya tsaya aka gina zauren Nippon Budokan, an ba shi na goma bayan rasuwarsa a 1969. Ku auna da kanku.

Ta mata ta fi ciwo. Keiko Fukuda jikar malamin da ya fara koya wa Jigoro Kano ce, shi da kansa ya gayyace ta Kodokan, amma ta zauna a mataki na biyar daga 1953 har 1972 don kawai a lokacin ba a ɗaga mace sama da haka. Ta koma San Francisco tana koyarwa, Kodokan ta ba ta na tara a 2006, na goman kuma ƙungiyar judo ta Amurka ce ta ba ta a 2011 tana da shekara 98. Baƙi ma haka, cikin 15 ɗin nan babu wanda ba ɗan Japan ba. Anton Geesink ɗan Holan da ya cinye zinare a gabansu a gasar Olamfik ta Tokiyo a 1964, hukumar judo ta duniya ce ta ba shi na goma a 1997. Da na ambace shi malaminmu ya ce babban mutum ne ƙwarai, sai ya ɗauki kofinsa ya kurɓa, bai ƙara komai ba. Zuwa yanzu na san ma'anar irin wannan shirun nasu.

Su 'yan kendo, masu wasan takobin gora, sun ma huta da rigimar, tun 2000 suka daina ba da na tara da na goma. Na takwas ne ƙarshe kuma jarrabawa ce a fili, sai ka kai shekara 46, ka yi shekara 10 a na bakwai, kuma cikin mutum ɗari da kyar ɗaya ke ci. Ni a ganina wannan ya fi adalci, ko da yake akwai wanda zai yi ta zuwa har ya tsufa bai ci ba.

Abin da ya sa na tsawaita, zaman baƙo a ƙasar nan ma haka yake tafiya. Takardar zama ta dindindin a ƙa'ida sai ka shekara 10, za su duba harajinka da fansho da inshorar lafiya, ba wai ka biya kawai ba, ka biya a kan lokaci, sannan sai wani ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin ya tsaya maka. Na san masu kuɗi sosai a harkar mota da aka mayar wa takarda saboda jinkirin biyan fansho, na kuma san ma'aikacin masana'anta da ba shi da komai aka ba shi. A unguwa ma sai da suka ga ina fitowa sharar gayya da safiyar Lahadi ba fashi, sannan wata tsohuwa ta fara aiko mani da lemon bishiyar gidanta.

Da lokacin nawa neman ya matso na daɗe ina juya wa zan tunkara, a ƙarshe na yi ta maza na tambayi malaminmu bayan atisaye. Bai ce e ba bai ce a'a ba, ya ce in kawo takardar. Ya sa tabarau ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, ya cike ya sa hannu, sannan ya ce af, ranar Lahadi akwai gasar yara kuma ba su da mai riƙe agogo a tabarma ta biyu, ƙarfe takwas ake buɗe ƙofa amma masu shimfiɗa tabarma bakwai suke zuwa.