Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Kaji Suka Riƙe Gida

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda motar da maigidana Malam yake ja tsakanin Garwa da Ngaundare ta kwanta, mai ita ya ce ba shi da halin gyara, Malam ya dawo gida ya zauna. Farkon 2012 ke nan, yara biyu suna lekol, wato makarantar boko, na uku yana goye.

Abin da ya rufa mana asiri a lokacin kaji ne. Asalinsu sagara biyu da Goggo, ƙanwar mahaifina, ta zo mini da su ranar da ta dawo zama wurinmu, suka yi ta yaɗo har suka cika tsakar gida. Da kuɗin ƙwai nake sayen sabulu da gishiri da kalanzir, in kuɗin makaranta ya taso a kama zakara a kai kasuwa. Har yau raina yana ɓaci in na ji namiji ya ce "'yan kajin mata", domin na san gidaje da yawa a Garwa da ba don su ba da tukunya ba ta hau murhu ba.

Wanda ya san garin nan ya san zafin watan huɗu, lokacin da awo ke haura 40. Kaji sai su buɗe baki, su saki fukafukai, na yi ta yayyafa ruwa a gindin darbejiya suna kwanciya a danshin. Hadarin farko da ke biyo bayan wannan zafi shi ne mugu. Wata la'asar a watan biyar gabas ta yi jawur, Goggo ta ɗaga kai daga tsintar shinkafa ta ce, "Ke 'yar nan, kwashe 'yan tsakin nan, wannan da iska yake tafe." Muka bi su muna kamawa, muka kife su da kwando a ɗakina. Manyan kuwa sun riga sun haye bishiya, ba mai sauko da su.

Iskar ta yaye kwanon da ke kan akurki duk da duwatsun da aka danne shi da su, ruwa ya narkar da bangon gefe ɗaya. Da asuba muka tsinci kaza biyu a ƙasa, iska ta makaɗo su daga reshe. A bayan rumbu kuma muka tarar da wata da ta ɓoye da 'ya'yanta, duk sun jiƙe sharkaf, wasu sun miƙe ƙafa. Ni na ɗauka sun tafi. Goggo ta ce in kawo kasko da garwashi. Ta naɗe su a tsohon zane, ta riƙe su nesa kaɗan da wutar, tana shafa ƙirjinsu da yatsa, tana hura musu iskar bakinta. Can sai ɗaya ya buɗe ido ya yi ɗan kuka, wani ya biyo baya. Gashin ɗan tsako ba ya tare ruwa irin na babbar kaza, sanyi ne ke kashe shi, shi ya sa ɗumi ke dawo da wanda yake da sauran kwana.

Malam, da zaman gida ya riga ya ishe shi, ya ce shi zai sake akurkin. Ya kafa shi a kan ƙafafu na itacen giginya saboda gara, tsayin ya kai gwiwar mutum. Ƙofar ya juya ta yamma, tunda hadarinmu daga gabas yake tasowa. Rufin ya ɗaure shi da waya, ya bar ƙananan kafofi a sama don iska ta ratsa, ya haƙa 'yar magudana a kewaye. Ni kuma na koma zuba dusa da ɓarzajjen masara a cikin akurkin kowace yamma har suka manta da bishiya, ina share kashinsu ina barbaɗa toka saboda ƙuma. A ƙarshen watan takwas kogin Binuwai ya cika ya batse, aka saki ruwan madatsar Lagdo, unguwannin bakin kogi suka ga tashin hankali. Mu Allah Ya taƙaita mana, ruwa ya kwanta a tsakar gida har idon sawu, amma kaji suna sama a bushe.

Hadari dai mutum yana iya yi masa shiri a cikin gidansa. Ciwo ne ya nuna mini iyakata. Da hunturu ya kankama, wani maƙwabci ya sayo zakara da araha a kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi don sunan ɗansa, ya sake shi cikin kajin gida kafin ranar yanka. Ba a jima ba aka fara cewa fakat, ciwon nan mai kashe kaji, ya shigo unguwa. Tawa ta farko da ta kamu wata wake-wake ce mai yawan ƙwai. Ta tsaya a lungu ta takure, fukafukai sun zube, tana numfashi baki buɗe da wani ƙara a maƙogwaro, kashinta ruwa-ruwa kore. Kashegari wuyanta ya murɗe, kai ya juye sama, tana zagaye wuri ɗaya. Ban iya kallo ba, na shige ɗaki.

Goggo ta daka barkono, ta jiƙa ɓawon maɗaci ta zuba musu a ruwan sha. Wata ta kawo kafso mai ja da rawaya daga mai tebur. Duk mun yi, da zuciya ɗaya, amma mutuwa ba ta tsaya ba. Na ware masu ciwo, na kulle masu lafiya, na binne matattu da zurfi. To ina amfanin haka in maƙwabta suna jefar da nasu a juji, karnuka suna ja, ruwan fige yana bin kwata ta ƙofar kowa? Wasu kuma da sun ga kaza ta fara gyangyaɗi sai kasuwa, ciwon ya tafi wani gari. Kusan rabin kajina suka tafi.

Malam ne ya je ofishin kiwo. Likitan dabbobi ya gaya masa ƙwayar cutar nan, da su suke kira Niyukasul, ba ta da magani in ta kama, kafso ba ya taɓa ta, sai dai rigakafi ga masu lafiya. Abin da ya ba ni mamaki, a nan Bokle, bayan gari kaɗan, LANAVET, cibiyar gwamnati mai haɗa rigakafin dabbobi, take haɗa shi, har ƙasashen waje ake kaiwa. Sai dai kwalba ɗaya ta kaji ɗari ce, tana son sanyi, kuma da an haɗa ta da ruwa dole a ƙarar da ita a safiyar. Ni kaɗai ba ni da kaji ɗari, ko ina da su ma, kajin unguwa juji ɗaya suke tono.

Sai na kai maganar wurin adashinmu na ranar Juma'a. Ba ta yi sauƙi ba. Mata ba su manta da 2006 ba, lokacin da aka sami murar tsuntsaye a agwagwa a Marwa, tsoro ya cika gari, aka yi ta jita-jita. Wata ta ce, "Yaya, ƙirga su za a yi a zo a kashe." Goggo ce ta kashe bakin kowa. Ta ce, "Ni da na tsufa ina jiƙa maɗaci na ga iyakarsa bana. A fara da kajin gidanmu, in sun mutu ku rabu da mu."

Da ciwon ya lafa, muka haɗa kuɗi, kowa gwargwadon kajinta. Aka kama su tun da dare aka kife. Da sassafe ma'aikacin ofishin kiwo ya zo a babur da kularsa mai ƙanƙara, muka bi gida gida da yara suna riƙe ƙafafu. Ɗigo ɗaya ne a ido, a riƙe kan har ta ƙifta ya shige, sannan a saki. Ya ce a maimaita duk wata huɗu, kada a ba mara lafiya, kuma sabuwar kaza daga kasuwa ta yi mako biyu a ware kafin ta shiga cikin 'yan uwa. Babbar 'yata ce ta rubuta watannin a bayan littafinta na lekol.

Hunturun 2013 fakat ya dawo kamar yadda ya saba. Gidajen da suka ƙi shiga sun yi asara, mu kuwa kaza ɗaya ba ta faɗi a gidanmu ba. Zakarun da na sayar a hada-hadar ƙarshen shekara su suka biya kuɗin makaranta, har aka sami ragowa. Da ragowar nan Malam ya hau mota zuwa Kusiri, inda wani tsohon abokin aikinsa ya ce ana neman direba mai ƙetarawa Injamena. Abin da ya tarar a can, da dalilin da ya sa muka daina jin ɗuriyarsa, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.