Babbar Sallah alhali gidan aboki ana jinya

Idan Sallar layya ta zo abokinka yana da mara lafiya kwance a babban asibitin Zinder, ba a ce ka fasa Sallarka ba. Abin da ake so shi ne ka rage hidimar gidanka, ka ɗauke masa wani ɓangare na tasa. Kuma tun ana saura kwana biyu za ka fara.

Fara da magani. Ranar Sallah ma'aikatan lafiya masu gadi, wato waɗanda aka bari bakin aiki, su ne kawai ke aiki a asibiti, farmasi da yawa a rufe suke. Ka karɓi takardar magani, ka sayo abin da zai kai kwana uku, ka kuma san farmasin da ke gadi, wato wanda zai kasance a buɗe, a wannan makon. Idan likita ya yi maganar ƙarin jini, ku je ku bayar kafin ranar, don masu bayarwa kan yi ƙaranci lokacin biki. Ana ɗibar kusan mililita 450, daga mai shekara 18 zuwa sama wanda nauyinsa ya kai kilo 50.

Sai maganar rago, wadda ita ce ke cin ran magidanci a ɓoye. A mazhabar Malikiyya layya sunna ce mai ƙarfi ga wanda ba ya bukatar kuɗinta cikin shekararsa. Wanda kuɗin magani ya sha masa kai, babu laifi a kansa in ya bari, ko ya sayar da ragon kafin yanka. Ka faɗa masa haka a fili, domin kunya na hana mutane tambaya. In kuwa zai yi layyar, ya wakilta ka, ka yanka a madadinsa bayan liman ya yanka. Lokaci bai ƙure ba: ana yi da rana har 12 ga Zulhajji. Ka haɗa ragonsa da naka a wuta guda, a gicciye su a kan itace kamar yadda aka saba, washegari a yanyanka a raba wa waɗanda ya lissafa maka. Fata da nama ba a sayar da su, ko da don magani ne.

Inda aka fi yin kuskure shi ne kai nama asibiti. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, da wanda aka yi wa tiyata a ciki, soyayyen nama mai gishiri da yaji yana iya mayar da su baya. Ka tambayi likita tukuna. In ya yarda, romon tsoka da aka tsame kitsensa, gishiri kaɗan, ya isa. Da zafin garin nan, abincin da ya wuce awa guda a waje ba na mara lafiya ba ne, don haka a kai kaɗan-kaɗan a kula mai riƙe zafi. Jiƙe-jiƙen da wani ya ce ya gwada, a bar su a gida.

Ni a ganina wadda aka fi mantawa da ita ita ce mai zaman jinya. Kwana da kwanaki tana kan tabarma. A kai mata abinci sosai da ruwan sanyi, wata daga gidanku ta karɓe ta na awa uku, ta je ta yi wanka ta ga ƴaƴanta.

Dubiya ta zama gajera, mutum biyu, minti goma, ba turare mai ƙarfi. «Baba, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi.» Ya wadatar. Kada a tambayi abin da likita ya ce a gabansa. Abin da za ka ba abokinka ka damƙa masa a waje, ba a idon jama'a ba. Hotunan raguna da sabbin ɗinki a WhatsApp kuma su dakata bana.

Yaran gidan su kam a yi musu Sallah. A karɓo ɗinkinsu wurin tela, a yi wa mata kitso da lalle tare da naku, a tafi da su idi, a kai su Birni, unguwar da fada take, su kalli hawan Sarki. A mayar da su gida kafin magariba, a kira ubansu a gaya masa sun ci abinci.